Chaibou Ba Ya Kallon Hoto Sau Biyu

Duk wanda ya girma a tsohon garin Agadas, in dai yana da hoto a duniya, da wuya in ba Chaibou ne ya ɗauke shi ba. Shi ya ɗauki wanda aka manna mini a takardar shiga kolej, shi ya ɗauki na aurena, shi ya ɗauki na sunan ƴata. Shi ne kuma ya ɗauki hoto ɗaya tilo da uwata, Inna Kadidia, ta taɓa yarda aka yi mata. A kan wannan hoton nake wannan rubutu, kuma gara in faɗa tun yanzu: ban huce ba.

Ubansa dillalin dabino ne, mai karɓar kayan ayarin Bilma, ya kuma so ɗansa ya gaje shi. Chaibou ya ƙi buhu. Ya liƙe wa wani mutumin Togo mai situdiyo kusa da kasuwa, har mutumin ya tsufa ya koma ƙasarsu. Ya bar masa apare ɗin ɗaukar hoto, da adaka cike da negatif, wato baƙin fim ɗin nan da ake wanke hoto daga jikinsa, da wani labule da aka zana teku da itacen kwakwa a kai. Rabin mutanen unguwarmu sun tsaya a bakin wannan teku, hannu a ƙugu, alhali ko kogi ba su taɓa gani ba.

Akwai waɗanda suka fi shi iya aikin. Kunya ce ta ɗaukaka shi. Shi kaɗai ne namijin da ake bari ya shiga har ɗakin amarya ranar biki. Zai shigo kansa a ƙasa kamar wanda allurarsa ta faɗi, ya ɗaga ido sau ɗaya ta cikin apare, ya danna, ya fita. In ya wanke hoton, a kife yake miƙa wa mai gida. Yana da magana guda da ya maimaita har kowa ya haddace: hoton matar mutum ba a kallonsa sau biyu, na farko aiki ne, na biyu cin amana. Ƴan fadarsa, masu shan shayi a ƙofar situdiyo, suka sa masa Malam Kunya. Mu mata muna dariya, amma in biki ya tashi shi muke aika wa.

Ranar sunan autanmu aka ɗauki na Inna. Chaibou ya rataya tekunsa a tsakar gida, aka sha fama kafin ta yarda ta tsaya. Ta ɗaure fuska yadda matan lokacin ke yi, sai akuyarmu ta zo ta kama gefen tekun ta fara ci. Inna ta tuntsire da dariya, shi kuma yatsansa ya riga ya danna. Wushiryarta duk a waje. Ta yi ta faɗa, wai ya ɗauke ta baki buɗe kamar mahaukaciya, amma ita da kanta ta rataye shi a ɗaki. Ina kolej ta rasu. Hoton ya bi ni gidan aure, ya zauna a bango har shekarar da ruwan sama ya rushe mana rufin ɗaki, ƴata tana goye. Da muka tono shi daga cikin laka, takardar ta zama kunu.

Na je ya sake wanke mini. Ya ce maganin wanke baƙi-da-fari ya daina zuwa Agadas, sai dai a aika Yamai. Na ce a aika. Ya ce shi ba zai sa negatif ɗin matar mutane a mota ya bi hannun da bai sani ba. Na ce matar nan uwata ce, ni na ce a aika. Ya ce ya sani, amma amanar a hannunsa take. Haka muka yi shekaru. Duk da haka hankalina a kwance yake, don na san tana nan cikin adaka.

Sai salula ta zo ta cinye sana'ar, ya koma hoton takardar ɗan ƙasa da na ƴan jarrabawa. Bai yi ƙorafi ba. Abin da ya girgiza shi daban ne. Wani tsohon mai hoto a wata unguwa ya rasu, magada suka sayar wa masu tsire tarkacen takardunsa. Aka naɗe wa wani nama da hoton wata Hajiya tun tana budurwa, kai ba ɗankwali. Kafin la'asar hoton ya zaga salulolin gari. Binta, matar Chaibou, ta ce mini ranar bai taɓa abinci ba, adakarsa kawai yake kallo.

Ya sayi na'urar da ke kwashe hoto daga negatif ta zuba a ordinatar, wato kwamfuta. Ya kuma sayi disk, wani ɗan baƙin akwati kamar sabulu, a hannun wani mai baza kaya a bakin tasha. Mai kayan ya ce masa ko hotunan Nijar duka ya zuba a ciki ba zai ji ba. Abin yana da nauyi a hannu, kuma Chaibou ya ce nauyin ne ya kwantar masa da hankali.

Aikin ya ci su fiye da shekara. Na maza shi ya yi. Na mata Binta ta yi, shi yana zaune ya ba ta baya, tana kwatanta masa tufafi da wuri, yana faɗa mata suna. Da suka gama, ya ɗora adakar a amalanke, ya kai ta bayan gari, ya cinna mata wuta. Disk ɗin kuma ya sa baduku ya ɗinka masa jakar fata, ya rataya a wuya ƙarƙashin riga.

Ina jin labari na yafa mayafi na nufi situdiyo.

"Yaya Chaibou, kopi nawa ka yi?"

"Ɗaya."

"Ɗaya tak? Fuskokin garin nan duka?"

"Salamatu, in biyu ne, ɗaya na iya fita yawo ban sani ba."

Na ce to, tunda yanzu ba sai an je Yamai ba, a fitar mini da Inna, don an sa ranar auren Ummi.

Ummi ita ce ƴata. Sunanta na yanka Kadidia, sunan Inna aka mayar mata, shi ya sa bakina ba ya iya kiransa. Tana aiki a buro, wato ofishin wani kamfanin motocin sufuri, ordinatar ne a gabanta tun safe har yamma. Ba ta san fuskar mai sunanta ba. Abu ɗaya ta roƙe ni a cikin kayan ɗaki: hoton nan, a bango, inda za ta buɗe ido ta gan shi.

Chaibou ya ce Binta ta faɗa masa negatif ɗin ya tsufa, akwai ƙarzuwa a kumatu. Ya ce ya ga tallar wani lojisiyel a wani butik, wato shago, na intanet, irin abin nan da ake sa wa ordinatar ya iya wani aiki: wannan yana share ƙarzuwa, yana sa wa tsohon hoto launi. Na ce ba na son launi, a ba ni ita yadda take. Ya ce Inna Kadidia ba za ta shiga ɗakin jikarta da tabo a fuska ba, wannan ce gudummawarsa ta biki, kuma kada in faɗa wa Ummi. Na sake cewa a ba ni. Ya ce in ɗan yi haƙuri.

Ya saya, aka ba shi hanyar saukewa. Abin ƙato ne. Ordinatar ɗinsa tsoho ne, cikinsa ya cika, don haka ya jona disk ɗin wuyansa ya ce a zuba a can, ai akwai fili. Tun hantsi layin nan kore ke rarrafe, sai bayan la'asar ya kai ƙarshe. Ya danna ya buɗe. Fichier endommagé. Abin ya sauka a lalace.

Daga nan fada ta karɓi shari'a. Alkasum tela, maƙwabcin situdiyo, taubashina ne, kuma ban da baki ba abin da Allah ya ba shi. Shi ya zama babban likita.

"Rezo ne," in ji shi, yana nufin layin intanet. "Rezon garin nan ko gaisuwa ka aika sai ta isa da ƙafa ɗaya."

Aka sake saukewa. Aka ɗauke wuta a tsakiya. Aka ce to ga dalili, aka jira ta dawo, aka sake. Ya sauka har ƙarshe, ya ƙi buɗewa. Wani ya ce zafi ne, aka jiƙa buhu aka ɗora ordinatar a kai, ana yi masa fifita kamar mai zazzaɓi. Wani ya ce da sassafe rezo ya fi ƙarfi, kafin gari ya tashi. Chaibou, da furfurarsa, ya riƙa hawa soro bayan sallar asuba, ordinatar a cinya. Ya je gidan intanet na wajen kasuwa. Ya je wani otel inda ya san mai gadi. Ko'ina da disk ɗinsa, ko'ina amsa ɗaya.

Ya rubuta wa butik ɗin. Suka amsa da Faransanci mai laushi kamar man shanu: suna baƙin ciki ƙwarai, ya duba konesiyo ɗinsa, wato rezo, ga sabuwar hanya, ya sake gwadawa. Ya sake.

Kuma bai taɓa share lalatattun ba. Wannan sai daga baya na sani. A jere suke cikin disk, wani bayan wani, har ƙasa. Ya ce shi yatsansa ba zai taɓa danna supprimer a cikin wannan disk ba, kada ya kuskure ya share uwar wani.

Ni kuwa ina ta zarya, biki na matsowa.

"Ga ƴar kolej ta iso," in ji Alkasum. "Ku matsa, za a yi mana Faransanci."

"Kai dai je ka ɗinka wandon mutane, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Yaya Chaibou, ina uwata?"

"Saura kaɗan, Salamatu. Yau ya kai ƙarshe lafiya lau, buɗewar ce kawai."

"Shekaranjiya ma buɗewar ce kawai. Ka bar launin nan, ka wanke mini ita da tabonta."

"In na ba ki ita haka, me na yi wa yarinyar?"

"Ka ba ta kakarta."

"Bar ta, Malam," in ji Alkasum. "Tun muna yara haka take. Ranar aurenta ma ita ta yi wa liman gyara."

Da biki ya zo dab, na faɗa wa Ummi komai. Ranar Asabar da hantsi muka je, ta rataya ordinatar ɗinta na aiki a kafaɗa. Chaibou ya yi mini kallon wanda aka tona wa asiri, amma ya tura mata kujera.

Ba ta taɓa komai ba da farko. Ta duba girman abin da butik ya ce ya aiko, ta duba girman waɗanda ke jere a disk. Daidai suke, ba ragi.

"Tonton, ai cikakke yake sauka. Rezo ba shi da laifi."

"Ni ban yarda ba," in ji Alkasum daga bakin ƙofa.

Ta sauke shi a nata ordinatar. Muka zauna jira, Binta ta aiko da fura, aka yi azahar aka dawo. Da ya gama ta danna. Ya buɗe tar, har da kiɗa, da hoton wata tsohuwar Anasara tana murmushi. Alkasum ya fara tafi. Chaibou ya ce alhamdulillahi. Ummi ce kaɗai ba ta yi murna ba. Jakar fatar take kallo.

"Lafiya lau kayan ke zuwa," ta ce. "Wurin da ake sauke su ne ke ɓata su. Tonton, yaushe rabonka da buɗe hoto a cikin disk ɗin nan?"

"Buɗewa kamar yaya?"

"Ka danna, ka ga hoton."

"Sunayen nake dubawa. Kullum suna nan."

"Ko na maza ba ka buɗewa?"

"A haɗe suke, biki-biki. In na danna ban san wa zai fito ba. Kuma ai an riga an gan su sau ɗaya."

Na ce to a buɗe yanzu.

Aka aika aka kira Binta, don ya ce ba za a buɗe ba sai tana wurin. Ya kori Alkasum, ya saki labulen ƙofa, ya juya kujerarsa ya fuskanci bango. Ummi ta jona disk ɗin. Sunaye suka cika gilas reras. Auren Halima ta gidan mai gishiri. Sunan ɗan Ramata. Dawowar Alhaji Sadiƙ daga Makka.

Ta danna na farko. Toka. Fili kawai mai launin toka, kamar bangon siminti. Na biyu, toka. Na uku ya fito da wasu layuka kore da ja kamar tabarmar roba.

"A'a," in ji Binta. "Wannan da hannuna na sa shi. Halima ce, da lalle har gwiwar hannu."

Ummi ta ci gaba da dannawa.

"Me kuka gani?" in ji Chaibou, fuskarsa a bango.

Ya sake tambaya.

"Binta, me kuka gani?"

"Babu kowa, Malam. Babu kowa a ciki."

Ummi ta yi mana bayani a hankali, kamar mai faɗin mutuwa. Ta ce disk ɗin ƙarya yake yi. An koya masa ya ce shi rijiya ne, alhali ɗan tulu ne. Hotunan sun shiga sun zauna daidai cikinsa, har da ɗan sauran wuri. Da aka kawo ƙaton kaya ya cika, bai ce ya cika ba, sai ya koma yana zubawa a kan abin da ke ciki. Shi ya sa lojisiyel ɗin ke fitowa a lalace. Shi ya sa kuma... Ba ta ƙarasa ba.

Ni na ƙarasa mata. "Wato duk sanda aka ce a sake, mutane ake binnewa."

"Eh, Mama."

"Da an buɗe hoto ɗaya tun farko fa?"

"Da an ga alama an tsaya. Da yawancinsu na nan."

Inna lillahi. Duk hawan soron nan, da jiƙaƙƙen buhu, da Faransanci mai laushi, ashe mutumin nan aikin rayuwarsa yake rushewa da hannunsa, yana bismillah kafin kowace dannawa.

Ta kwashe abin da ya rage zuwa nata ordinatar. Kaɗan ne: wasu ƴan ƙwallo, wasu raƙuma, wani bikin da ba mu gane masu shi ba. Sannan ta ce, "Mama, ga sunan." Kadidia, ranar sunan auta.

Na ce ta danna.

Hoton ya fara fitowa daga sama kamar ana sakin labule. Ga sararin saman tekun. Ga ganyen kwakwa. Ga ɗaurin ɗankwalinta, wanda ba wadda ta iya shi sai ita. Goshi. Gira. Idanu, sun ƙanƙance, da ƴan layuka a gefe. Daga karan hanci zuwa ƙasa, toka. Kamar an sa wuƙa.

Na jira ya ci gaba. Na ce wa Ummi ta dakata, rezo ne. Ni da bakina na ce rezo ne.

"Mama, iyakarsa ke nan."

Ban san na yi ihu ba sai da na ga Alkasum ya ɗaga labule, almakashi a hannu. Na fizge almakashin, na fizgi disk ɗin, na zura bakin ƙarfen a tsaga na ɓanɓare shi. Ban san me nake nema ba. A ciki akwai ɗan kart memwar irin na salula, bai kai farcen babban yatsa ba, an manne shi da danƙo. A gefensa guntayen ƙarfe biyu, irin waɗanda ƴan garaji ke yarwa, su ma a manne, don a ji nauyi. Nauyin da ya kwantar masa da hankali ke nan.

Alkasum, wanda bai taɓa rasa magana ba tun da aka haife shi, ya ce "La ilaha illallahu," ya zauna a ƙasa.

Sai a lokacin Chaibou ya juyo. Ya ɗauki ƙarfen ɗaya ya auna a tafin hannu. Ya ce, "Na tsaya har adakar ta zama toka. Har da sanda na tona, kada wani ya saura." Sannan ya ce wa Ummi, "Juyo mini da shi."

Binta ta kalle shi. A iya zamansu ba ta taɓa jin ya nemi haka ba. Ummi ta juya masa gilas, ya matso, ya daɗe yana kallon rabin fuskar uwata. Kallo na biyu ke nan, bayan shekara kusan arba'in.

"Akuya ce," ya ce. "Daga hagu ta zo."

Ban tausaya masa ba a lokacin, kuma ba zan yi ƙarya in ce na tausaya ba. Na ce, "Na roƙe ka ka ba ni ita da tabonta. Sau nawa na roƙe ka?" Na ce abin da ke hana mutum duba amanar da aka ba shi, ya nemo masa wani suna, ya daina kiransa kunya. Binta ta ce, "Salamatu, ya isa." Bai isa ba, amma na yi shiru saboda ita.

Ummi, tana share hawaye, ta ce ai lojisiyel ɗin yana iya cike inda ya ɓace, haka tallarsa ta ce. Tunda saboda shi aka yi wannan asara, a gwada. Ta ba lojisiyel ɗin rabin hoton. Jim kaɗan, sai ga mace cikakkiya, da launi. Idanun na Inna ne. Ƙasansu kuwa wani siririn hanci ne, da ɗan baki a tsuke an shafa masa jan-baki. Fata ta yi haske kamar ta mai shafe-shafe. Tekun ma ya zama shuɗi, har da jirgin ruwan da mutumin Togo bai taɓa zanawa ba.

"Wannan wace ce?" na ce.

"Mama, ƙiyasi yake yi."

"Ya je ya yi wa uwarsa ƙiyasi. Share ta."

Ummi ba ta share nan take ba. Tana kallon matar, sai na gane: ita ba ta da wata fuska a kanta da za ta gwada da wannan. Da na bari, wannan baƙuwar za ta rataya, ta nuna wa ƴaƴanta ta ce ga mai sunana. Wannan ya fi tokar tayar mini da hankali. Na ce, "Kakarki tana da wushirya, karan ashana biyu na shiga. A hoton nan bakinta a buɗe yake har ana ganin dasashi. Wannan kuwa ba ta taɓa dariya ba tun da aka yi ta." Ta share.

Rabin muka wanke. Chaibou ya so a yanke tokar a bar idanun kawai. Na ce a bar ta yadda take, kowa ya ga inda aka tsaya.

Alkasum ya je tasha da niyyar faɗa, ya tarar da mai sayar da tabarau a wurin, wanda ya ce bai san mai disk ɗin ba. Wa za ka kama? Har yau irin waɗannan baƙaƙen akwatuna na nan a baje, da nauyinsu, mutane na saye suna zuba aurensu da sunan ƴaƴansu a ciki. In kuna da irinsa, ku buɗe yau. Hotunan nake nufi, ku rabu da sunayen.

Chaibou bai rufe situdiyo ba. Gida-gida ya bi, shi da Binta, yana tsayawa a zaure yana faɗa wa masu gida da bakinsa cewa ajiyarsu ta salwanta. Wasu sun ce ba komai. Wasu ma sun manta akwai hoton. Wata tsohuwa a unguwarmu ta rufe masa ƙofa, kuma ban ga laifinta ba. Inda aka samu tsohon hoto a bango ko a ƙasan adaka, Binta kan shiga ta ɗauka da salula. Ya rame. Jakar fatar tana wuyansa har yanzu. Binta ta ce ƙarafan nan biyu ne a ciki.

Ranar da aka kai Ummi, hoton yana rataye saitin gado. Tsofaffin unguwa suka shigo ganin ɗaki. Hajiya Souwaiba, ƙawar Inna, wadda ido ya fara gagara, ta matsa har hancinta na taɓa gilas. Ta ce, "Kadidia! Ai ranar akuya ce wannan." Ta yi dariya har ta zauna a bakin gado. Sannan ta ce, "To ina bakin?" Wasu suka fara cewa ai ga bakin nan a fuskar amarya, ta ɗauko shi sak. Ƙarya ne, don su faranta mini suka faɗa. Bakin ubanta ta ɗauko.

Chaibou ne ya ɗauki hotunan bikin, Ummi ta ce shi take so. Ya shigo kansa a ƙasa, ya ɗaga ido sau ɗaya, ya danna, ya juya zai fita. Na tare ƙofa.

"Buɗe ka duba."

"Salamatu, ɗakin cike yake da matan mutane."

"Na sani. Buɗe ka duba ko suna ciki."

Ya tsaya, apare a hannu. Ya kalli ƙasa, ya kalli bango inda idanun Inna suke. Ya ce a kira masa Binta. Na ce Binta na wajen tukwane, kuma ba ita ta ɗauka ba.

Ya danna. Ya duba.

"Suna ciki," ya ce.

"Duka? Har baki?"

"Har baki."

Na matsa masa ya wuce.